Wa Ya Tsaya Masa? Lamuni da Shaida Tsakanin Masu Bincike, Daga Gadarif

Harshen Hausa bai wadatu da kalma guda ba wajen bayyana yadda mutum ke sakin jiki da ɗan'uwansa. Akwai yarda, wato amincewar zuciya da maganar wani ko halinsa. Akwai amana, abin da aka danƙa wa mutum ya riƙe, ko dukiya ce ko asiri. Akwai shaida, faɗin abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Sannan akwai lamuni, wanda ya fi sauran nauyi a wuya, domin shi ne mutum ya ɗauki alhakin wani, ya ce idan abu ya ɓaci a zo wurinsa. Baƙo idan ya shigo kasuwa yana neman a ba shi kaya bashi, ba a cika damuwa da sunansa ko garinsu ba. Abin da attajiri zai tambaya shi ne: wa ya tsaya masa? Wannan tsohuwar tambaya ta 'yan kasuwa ita ce a yau ginshiƙin tsarin da jami'o'in duniya ke bi wajen buɗe wa masu bincike ƙofofin ɗakunan karatu da rumbunan bayanai ta intanet. Birnin Gadarif na gabashin Sudan kuwa wuri ne da ya dace a tsaya a dubi lamarin, saboda Hausawan da ke zaune a can sun daɗe suna amsa ta.

Gadarif tana kudu maso gabas da Khartum, tazarar kimanin kilomita 400, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce mai baƙar laka, wadda ta yi suna wajen noman dawa da riɗi, kuma a yankinta aka soma noman damina da manyan injuna tun cikin shekarun 1940, musamman noman da ya dogara da ruwan sama. Mutanen Afirka ta Yamma sun san hanyar tun kafin wannan lokaci. Garin Galabat, wanda ke bakin iyaka a cikin jihar, mahajjatan yamma ne da ake kira Takarir suka raya shi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Daga nan ayarin masu niyyar Makka da ƙafa bai yanke ba. Wasu sun yi shekaru a hanya suna ƙwadago a gonaki don tara guzuri, da yawa kuma ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa amma a kan hanyar komowa suka yada zango suka zauna. C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a kansu a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya yi nazarin yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci a littafinsa na 1999.

Abin lura a wannan doguwar tafiya shi ne yadda baƙo ke samun gindin zama. Matafiyi ba ya sauka a gari haka kawai. Zango yake nema, ya gaida mai unguwa ko shehin Hausawa, ya ambaci malaminsa ko maigidan da ya baro a zangon baya. Idan an san wancan maigida, an san ba ya turo mutumin banza, sai a ba baƙo masauki, a nemo masa aiki. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, inda fataken shanu da na goro ke sayar da kaya bashi ga mutanen da ba su taɓa gani ba, don kawai mai masauki ya lamunce. Mai masaukin nan jarinsa mutuncinsa ne. Ranar da ya tsaya wa maƙaryaci, ranar kasuwarsa ta soma mutuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da hukuma ta shigo da takarda, sai tambayar ta sake kama. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 da ta biyo ta, sun sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa ta wajen uba sun kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Wanda ya duba wannan rana, ya kuma tuna cewa Burmi a 1903 aka yi ta, zai gane nan take yawan mutanen da alƙalami ya bari a waje. An haife su a ƙasar, sun noma ta, sun binne iyayensu a cikinta, amma shaidar maƙwabci ba ta isa ba, ta shehin unguwa ma ba ta isa ba. Daga baya an sassauta ranar, sai dai darasin ya zauna: wanda ya rubuta ƙa'idar shaida shi ne ya yanke wa zai shiga da wanda zai tsaya a bakin ƙofa, ko da kuwa bai taɓa ganin fuskokinsu ba.

To, me ya haɗa wannan da bincike? Jihar Gadarif na cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yi wa ɓarna a duniya. Wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo ke yaɗa ta, tana kumbura saifa da hanta, kuma idan ba a yi magani ba galibi takan kashe. A 2003 aka kafa wata haɗakar masu bincike a Khartum mai suna LEAP, wadda ta haɗa likitoci da masana daga Sudan da Habasha da Kenya da Uganda, tare da ƙungiyar DNDi mai hedikwata a Janiba. An yi gwaje-gwajen magani a Kassab da Doka cikin jihar Gadarif, da Gondar a Habasha, da Amudat a Uganda. Sakamakon shi ne haɗin magunguna biyu da ya rage kwanakin allura daga 30 zuwa 17, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a gabashin Afirka a 2010. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai bayanan marasa lafiya sun ratsa iyakoki, kuma bayanan mara lafiya amana ce tsantsa. Dole likitan Doka ya iya shiga rumbun, dole kuma a hana wanda ba shi da hurumi. Haka abin yake ga ɗalibin harshe da ke son sauraren muryoyin da aka naɗa aka adana a wata taska ta Turai, ko malamin aikin gona da ke neman mujallar da jami'arsa ta biya wa kuɗi.

A da, kowace ƙofa da nata mabuɗi. Mai bincike zai yi rajista a wuri goma, ya riƙe kalmomin sirri goma, kowane wuri kuma ya yi ta ƙoƙarin tantance mutumin da bai sani ba. Wata hanyar ita ce a ba jami'a suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kowa ya yi amfani da su, kamar yadda shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ya daɗe yana yi. Aibin wannan a fili yake. Mabuɗin da ke hannun mutum dubu ba mabuɗi ba ne, kuma idan ɗaya ya yi ɓarna ba a san ko wane ne ba, sai a rufe wa kowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Tsarin tarayyar shaida ya zo ne don warware wannan. Ɓangarori uku ne a cikinsa. Na farko mai ba da shaida, wato jami'ar da mutum ke karatu ko aiki a cikinta, wadda ta san shi, ta ga takardunsa. Na biyu mai ba da hidima, wato ɗakin karatu ko rumbun bayanai ko babbar kwamfutar lissafi da ake son shiga. Na uku tarayyar kanta, wadda ke riƙe da kundin sunayen mambobi, ta buga masa hatimi na lissafi wanda ba a iya kwaikwaya. Idan ɗaliba ta je ƙofar wani rumbu, rumbun ba zai nemi kalmar sirrinta ba. Zai tambaye ta jami'arta, ya mayar da ita shafin jami'ar, can ta shigar da kalmar sirrinta. Jami'ar sai ta aiko da gajeren saƙo mai hatimi, cewa wannan tamu ce, ɗaliba ce. Rumbun ya duba kundin tarayya, ya ga hatimin na gaske ne, ya buɗe. Kalmar sirri ba ta bar gida ba. Jami'a ta zama mai masauki, rumbu ya zama attajiri, tarayya kuma ta zama sarkin zango da ya san masu masaukin kirki.

Galibi cibiyar sadarwar ilimi ta kowace ƙasa ce ke tafiyar da tarayyarta. A Sudan cibiyar sadarwar jami'o'i ita ce SudREN, a Nijeriya akwai NgREN. Sama da su akwai ƙungiyoyin yanki: WACREN ta yammaci da tsakiyar Afirka mai mazauni a Akara, UbuntuNet ta gabashi da kudanci mai mazauni a Lilongwe, da ASREN ta ƙasashen Larabawa. A 2011 ƙungiyar GÉANT ta Turai ta ƙaddamar da eduGAIN, wadda ke ɗinke tarayyoyin ƙasashe wuri guda, kuma a yau ta haɗa fiye da 70. Ɗan'uwanta eduroam, wanda aka ƙirƙiro a Holan a farkon shekarun 2000, shi ke ba baƙon malami damar hawa intanet a wata jami'a da sunansa na gida.

Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su a wannan aiki sunanta Shibboleth, kuma ɗalibin harshe zai so sanin asalin sunan. A sura ta 12 ta Littafin Mahukunta na Tsohon Alkawari, an ba da labarin mutanen Gileyad da suka tsare mashigin kogin Urdun bayan yaƙi, suna sa duk mai son haye wa ya furta wannan kalma. Mutanen Ifraimu ba su iya sautin sh ba, sai su ce s, nan take a gane su a kashe. Masana harshe sun ari kalmar don nufin duk wani furuci da ke tona asalin mutum. Hausa ma tana da irin nata: Basakkwace zai ce hwari inda Bakano ke cewa fari, wanda kuma bai tashi da harshen ba yakan sha wuya wajen raba ƙ da k, ko ɗ da d. Sunan manhajar tunatarwa ce cewa duk abin da aka ƙera don gane ɗan gida yana iya zama makamin ware bare.

Shi ya sa injin kaɗai bai isa ba, sai da rubutacciyar ƙa'ida. A 2012 wasu manyan ƙungiyoyin bincike, ciki har da cibiyar CERN ta Janiba, suka fitar da takarda mai bayyana abin da suke bukata daga tarayyoyi, aka sabunta ta a 2018. Idan aka tace abin da ake ta muhawara a kai tun daga lokacin, za a ga tambayoyi huɗu ne.

Ta farko: yaya mai ba da shaida ya san wanda yake tsaya wa? Akwai bambanci tsakanin jami'ar da ta ga mutum ido da ido ta duba katinsa, da wadda ta buɗe masa asusu don kawai ya turo adireshin imel. Akwai kuma batun rufe asusun wanda ya kammala ko ya bar aiki. Jami'ar da ke barin asusun waɗanda suka tafi a buɗe tana ba da shaidar zur ba tare da ta sani ba. Wasu masu hidima sun ƙara sharaɗi: tun 2021 cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta bukaci tantancewa mai hawa biyu, wato kalmar sirri haɗe da wata alama ta biyu kamar lambar da ke fitowa a waya.

Ta biyu: me za a faɗa game da mutum, me za a ɓoye? Ɗakin karatu bai bukaci sanin sunan mai karatu ba, ya ishe shi a ce ɗan jami'a kaza ne. Rumbun da ake aikin haɗin gwiwa a cikinsa kuwa yana bukatar suna da imel. Ƙungiyar REFEDS, wadda ke haɗa masu tafiyar da tarayyoyi, ta tsara wani rukuni na masu hidimar bincike da aka tantance, waɗanda aka yarda a sakar musu abubuwa 'yan kaɗan: lambar ganewa, suna, imel, da matsayin mutum a jami'arsa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta soma aiki a watan Mayun 2018, da takwararta ta Nijeriya ta 2023, sun ƙara wa wannan nauyi. Mai masaukin kirki yakan ce baƙona ne, na lamunce masa, ba ya zama ya zayyana wa kasuwa sirrin gidansu. A ƙasar da ake yaƙi, inda sunan mutum ko na ƙabilarsa kan jawo masa bala'i a shingen bincike, taƙaita abin da ake faɗa kariyar rai ne.

Ta uku: idan ɓarawo ya sace asusu, wa zai gaya wa wa? A ƙarshen 2015 REFEDS ta fitar da wata yarjejeniya mai suna Sirtfi, inda kowace cibiya ke alkawarin ajiye mutumin da za a tuntuɓa, da adana tarihin shige da fice, da amsa kira idan wata cibiya ta ga abin zargi. CERN ta sa wannan cikin sharuɗɗan karɓar baƙi ta eduGAIN. Hikimar a bayyane take: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma sharaɗin yana da tsada. Jami'ar da ma'aikatan kwamfutarta ba su wuce biyu ko uku ba, wutar lantarki kuma sai an kunna janareta, cika shi ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ba ta cika ba, ba shugabanninta ke shan wahalar ba, ɗalibinta ne zai tarar da ƙofa a rufe, kuma ba zai san dalili ba.

Ta huɗu ita ce wadda Gadarif ta fi kowa sanin zafinta: ina makomar wanda gidansa ya rushe? Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Manyan jami'o'in babban birnin suka watse, aka wawashe gine-gine da dama. A watan Disamba na shekarar Wad Madani ta faɗi, a tsakiyar 2024 Sinja ta bi, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara Gadarif, ciki har da malamai da ɗalibai. A watan Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a yawancin ƙasar. A irin wannan hali raunin tsarin tarayya ke fitowa. Duk ƙofofin mai bincike a rataye suke a ƙusa ɗaya, wato kwamfutar jami'arsa. Idan ginin da take ciki ba wuta, ko ya koma hannun masu bindiga, ko hatiminta ya ƙare wa'adi ba wanda zai sabunta, to farfesan da ya yi shekara ashirin yana aiki ya koma baƙon da ba mai tsaya masa. Akwai ma haɗari na biyu: idan kwamfutar ta faɗa hannun wani, yana iya buga shaidar ƙarya da hatimin gaske. Siyasa ma takan yi abin da yaƙi ke yi. Takunkumin tattalin arziki da Amurka ta sa wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa kamfanonin fasaha da yawa sun toshe hidimominsu ga duk mai shigowa daga ƙasar, ba tare da duba ko shi wane ne ba.

Akwai hanyoyin rage wannan illa, kuma duk sanannu ne. Jami'a na iya ajiye kwafin rajistarta a wani birni ko wata ƙasa tun kafin wuta ta tashi. Ƙungiyoyin yankin Afirka guda uku sun haɗa kai sun kafa eduID.africa domin cibiyoyin da ƙasashensu ba su da tarayya tukuna. Hukumar CLARIN ta Turai, wadda ke haɗa taskokin bayanan harsuna, tana da nata ofishin shaida ga wanda ba shi da jami'ar da za ta tsaya masa. Lambar ORCID, wadda aka soma bayarwa a 2012, mai alamomi 16 ce, kuma mallakar mai bincike ce, tana binsa duk inda ya koma. Sai dai kowace daga cikin waɗannan shaidarta ba ta kai ta jami'ar gida ƙarfi ba, don haka wasu ƙofofi ba sa buɗuwa da ita. A nan ne ake bukatar ƙa'idar da ta yarda da shaidar abokan aiki: idan shugaban ƙungiyar bincike a Nairobi ko Gondar ya ce ya san wance, ya yi aiki da ita, a ba maganarsa matsayi a rubuce. Malaman zaure sun san wannan tun tuni, domin ijazar da malami ke ba almajirinsa ba ta mutuwa don makaranta ta rushe. Sarƙar mutane ce ke riƙe da ita.

Akwai kuma wani ɓangare da rubuce-rubucen ƙa'ida kan manta da shi, wato mutanen da aka yi binciken a kansu. Manomin da aka ɗebi jininsa a Doka, da tsohuwar da aka naɗi tatsuniyarta a wata unguwar Hausawa ta Gadarif, su ne asalin masu amanar. Ba su da asusu a kowace jami'a, jikokinsu ma ƙila ba su da shi. Tsarin da zai buɗe wa ɗalibin Jamus muryar kakar wani, ya rufe wa jikanta, ya sake rubuta sharaɗin 1897 da sabon alƙalami.

Ɗalibin Hausa zai amfana idan ya lura da aikatau da ke rakiyar waɗannan kalmomi, domin a nan tunanin masu harshen yake. Amana ana ba da ita, ana riƙe ta, ana kuma cin ta, wato cin amana. Shaida ana ba da ita, idan ta ƙarya ce a kira ta ta zur. Yarda da mutum ake yi, ko a yarje masa ya aikata wani abu. Lamuni kuwa daga gare shi aka sami lamunta, a ce ya lamunce masa, kuma yakan tafi da harafin wa ko ma, kamar yadda tsaya ke sauya ma'ana idan aka ce tsaya wa. Tsayawa kawai daina tafiya ne, tsaya wa wani kuwa ɗaukar kayansa ne a ka. Duk wanda aka ɗora wa fassara ƙa'idojin tarayyar shaida zuwa Hausa, idan ya tsaya ga yarda kaɗai ya rage ma'ana, domin abin da jami'o'i ke yi wa juna lamuni ne, mai sharaɗi da alhaki da ranar biya.